Jeri Huɗu Ba Ya Ci

A shekara ta bakwai ta sarautar Barmo ɗan Dambo a Kudunga, ruwa ya ɗauke da wuri, Gulbin Tama ya janye har awaki na tsallaka shi a Maƙetarar Giwa ba tare da sun jiƙa ciki ba. Duk mai hankali ya san ma'anar wannan. Gulbin da ya raba Kudunga da Marzuwa ya daina tsare kowa. Kwana uku a jere ungulaye na sauka a kan soron ƙofar fada. Masu duba suka ce gawar Marzuwa suke jira. Mutanen gari kuwa sai aka ga suna kwaso hatsi daga rumbunan ƙauye suna shigowa da shi cikin ganuwa.

A rana ta huɗu da hantsi manzon Sarkin Marzuwa ya iso, ɗauke da wani abu a naɗe cikin jan saƙi.

Kudunga da Marzuwa jikokin mutum ɗaya ne, kuma sun gaji wata al'ada da babu irinta a sauran ƙasashe. Ba sa shelar yaƙi da kibiya ko takobi, da katakon dara suke yi. Katakon yana da gidaje talatin, jeri biyar, kowane jeri gida shida, kuma tun zamanin kakanni an raɗa wa kowane gida sunan wani wuri a kan iyakar ƙasashen biyu. Mai neman yaƙi sai ya jera 'ya'yan dara kamar an kai tsakiyar wasa, ya manne su da danƙo, ya aika wa ɗan'uwansa, ya ce wasa na hannunka. Motsin da sarki ya yi a gaban majalisa, shi rundunarsa za ta yi a fili, domin sarki ba ya magana biyu.

Mai kwance irin wannan saƙi shi ne Magajin Dara, kuma shi ke da ikon tsawata wa duk wanda ya karya doka a kan katako. A lokacin nan Nomau ne ke riƙe da sarautar, tsoho ɗan shekara sittin da 'yan kai, siriri, mai yawan kallon ƙasa. Ɗan masaƙi ne. A gindin tsamiyar kasuwa ya koyi dara, a ramukan da ake tonawa da yatsa, har sunansa ya kai fada aka ɗauko shi. Shi ya koya wa Sarki Barmo wasan tun yana yawo da bante, kuma shi ke zama a gabansa kowace la'asar yana shan kaye.

Nomau ya durƙusa a gaban karaga, ya warware saƙin, ya ajiye katakon a kan buzu.

Dokar dara ba ta da yawa. Kowa da 'ya'yansa goma sha biyu. Ɗa yana tafiya gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. A kan wannan katako tsakuwa ce Kudunga, guntayen kara ne Marzuwa. A jerin da ake kira Maƙetarar Giwa akwai tsakuwa biyu, sai gida guda fayau, sai tsakuwa ta uku. Daidai saman gidan nan fayau, a gidan da ake kira Ƙofar Kura, wata tsakuwa ce zaune ita kaɗai, kara biyu a gefenta, uku a samanta.

Ƙofar Kura ta gaskiya tsagi ne tsakanin duwatsu biyu, tafiyar yini guda arewa da maƙetara. Barde Rabo ne ke tsaronta da 'yan baka ɗari uku.

Sarki ya sunkuyo ya duba, sai ya yi dariya har ya bugi cinyarsa.

"Kaura, zo ka gani. Sarkin Marzuwa ya tsufa, idonsa ya fara ruwa. Ya bar mini jerin sarki a buɗe."

Kaura Tunau, shugaban mayaƙan Kudunga, ya matso da gwiwa, ya leƙa, ya gyara gemu. "Allah ya ja zamaninka, ai wannan ba yaƙi ya aiko ba, gaisuwa ce."

Sarki ya ɓamɓare tsakuwar Ƙofar Kura, ya sauko da ita gidan nan fayau. Tsakuwa huɗu suka jeru. Ya sa yatsa biyu ya tsince karan nan biyu na gefe, ya jefa su a gaban manzo.

"Jerin sarki biyu yake ci. Ka gaya wa ubangidanka haka. Kaura, a aika wa Barde Rabo yau ɗin nan, ya sauko da mutanensa maƙetara. A can za mu jeru gaba ɗaya mu haɗiye su."

Maroƙa suka ɗauka, fada ta kaure da kirari. Nomau bai ji ko ɗaya ba. Fuskar manzo yake kallo. Ba-Marzuwe da ya ga an jera huɗu an ci biyu ya kamata ya ɗaga gira, ko ya buɗe baki ya rufe. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Ya tsince karansa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita da sauri irin na wanda ya sami abin da aka aiko shi nema.

Domin kuwa babu wani abu wai shi jerin sarki a dokar dara. Daga Kudunga har bakin hamada, jeri huɗu ba ya ci. A fadar Kudunga kaɗai yake ci, kuma Nomau ne ya ƙirƙire shi da bakinsa.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Marigayi Sarki Dambo, mahaifin Barmo, ya komo daga yaƙin da aka kore shi, ya kwana tara bai yi murmushi ba. Ya ce 'yan leƙen asirinsa uku ne suka yaudare shi. An sare biyu da safe, na uku yana ɗaure a ƙofa yana jiran Hauni, mai sare kai, ya wanke takobi. A cikin wannan hali Sarki ya ce a kawo dara. Ya jera huɗu bai lura ba, ya miƙa hannu zai ci. Kowa a fada ya zuba wa Nomau ido. Nomau ya ji harshensa ya motsa kafin zuciyarsa ta yi shawara. Ya ce, ranka ya daɗe, ai jerin sarki ba ɗaya yake ci ba, biyu ne. Sarki Dambo ya dube shi, ya fashe da dariya, ya ci biyu, ya ce a kwance wanda ke ƙofa.

Daga ranar abin ya zama doka. Sarki kaɗai ke jera huɗu, ba wanda ke jera masa. Waɗanda suka san darar kasuwa suka haɗiye saninsu, waɗanda aka haifa bayan haka ba su san akwai wata ba. Barmo ya tashi bai taɓa shan kaye ba, ya ɗauka cewa duk inda ka tara 'ya'yanka da yawa nan nasara take.

Nomau ya koma gida bai iya cin abinci ba. Ya tona ramuka talatin a ƙasan zaurensa, ya maimaita jerin, ya buga shi ta kowace fuska. Yana cikin haka, bayan azahar, sai ga Galadima Cindo ya shigo ba rakiya. Sa'ansa ne, kuma yana cikin fada ranar da aka yi ƙaryar.

"Na san zan same ka kana tonon ƙasa kamar kaza," in ji Galadima. Ya zauna a kan dakali yana nishi. "Share wannan abin, Nomau."

"Ka ga abin da na gani, Galadima?"

"Na ga katako da tsakuwa."

"Ka ga hannun Ciroma Mati. Kada ka yi mini kurum, ka gane shi kamar yadda na gane shi."

Galadima ya kau da kai. Mati wan Sarki ne. Da aka hana shi gado ya gudu Marzuwa, yau shekara bakwai. Shi kaɗai ne cikin 'ya'yan Dambo ya taɓa ɓuya ya je kasuwa ya buga dara da mahauta, ya komo ya tsare Nomau da tambaya, har Nomau ya gaya masa gaskiya.

"Ya san dokar fada, ya san ta kasuwa," in ji Nomau. "Ya jera wannan don idon ƙaninsa. Duba nan. Tsakuwar Ƙofar Kura ita kaɗai ce ta toshe su. Tana tashi, wannan karan zai sauko gurbinta ya cika uku, ya ci. Ya koma sama ya cika uku, ya ci. Ya sauko, ya ci. Ba mai tare shi har a gama. Akwai runduna a bayan dutsen nan, Galadima, ina jin ta a cikin ƙashina."

"Ƙashinka ya tsufa, sanyi yake ji. To, a ce gaskiyarka. Me za ka ce gobe? Za ka tashi a gaban majalisa ka ce marigayi wawa ne da aka yi wa wasan yara, ɗansa kuma ya gaji wautar? Mu da muka tafa shekara ashirin da biyu fa, me muka zama? Kanka kaɗai kake tsammani Hauni zai nema?"

"In na yi shiru, mutum nawa zai nema a maƙetara?"

"Wannan na Allah ne. In an yi nasara ba wanda zai tuna da tsakuwa. In an sha kashi, Kaura za a tambaya, ba kai ba." Galadima ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo, muryarsa ta yi laushi. "Ƙaryar nan ta ceci rai, Nomau. Ina wurin. Ba ka yi mugun abu ba."

Wannan maganar ce ta fi damunsa. Da ƙaryar mugunta ce, da tuba ya yi sauƙi. Shekara da shekaru yana auna ta, bai taɓa samun ta tsaya a gefe ɗaya ba. Ya faɗe ta don tausayin wanda ke ɗaure a ƙofa ne, ko don tsoron wuyansa? In don tausayi ne, me ya hana shi warware ta bayan Dambo ya rasu, lokacin da ba kowa a ɗaure? Ya ga cewa ranar farko kaɗai yake da abin faɗa a kanta. Sauran ranakun duka, kowace la'asar da ya zauna ya bar yaron da ya rena ya ci biyu, ba wanda ya ceta sai kansa. Kuma ɗan aike ya riga ya kama hanyar Ƙofar Kura tun da rana tsaka, yana kallo.

Washegari da hantsi majalisa ta cika, ana rabon tutoci. Nomau ya shigo da katakon a hannu. Ya durƙusa, ya tuɓe rawaninsa, ya ajiye shi a gaban karaga tare da jakar tsakuwa. Ba a tuɓe rawani a gaban sarki sai an zo ba da rai.

"Baba Magaji, lafiya?" in ji Sarki.

"Allah ya ja zamanin Sarki, jikan masu ganuwa, ba lafiya ba. Na zo in faɗi abin da ya kamata in faɗa jiya, wanda kuma ya kamata in faɗa tun kana ɗan shekara shida. Jeri huɗu ba ya ci. Ba ya cin biyu, ba ya cin ɗaya. Babu jerin sarki a dokar kakanninka. Ni na ƙaga shi, a wannan ɗakin, a gaban mahaifinka."

Dogarai suka yunƙuro. Sarki ya ɗaga hannu suka tsaya. Ya bi fuskokin dattawa da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin dubawa a kan tabarma. Da ya zo kan Galadima ya daɗe.

"Galadima, kai ma ka sani?"

"Ranka ya daɗe, ni... an daɗe, tsufa ya..."

"Ya isa." Sarki ya komo kan Nomau, muryarsa ta yi ƙasa. "Watau duk cin da na yi maka, ba ni kake yi?"

"Wani ka ci da hannunka, Zaki, domin kana da ido. Amma ban taɓa barin ka ka san wanne ne ba. Wannan ne babban laifina."

Kaura Tunau ya yi gyaran murya. "Allah ya ba ka nasara, a ba ni izini. Tsohon nan ya yi laifi, a hukunta shi. Amma yaƙi ba katako ba ne. Ko huɗu ta ci ko ba ta ci ba, baka ɗari uku a maƙetara baka ɗari uku ne. Ni da mashi nake yaƙi, ba da tsakuwa ba."

"Kaura, ka fi ni sanin fili," in ji Nomau. "Ban taɓa riƙe mashi ba. Amma in tambaye ka. Faɗin Maƙetarar Giwa, daga gaɓar laka zuwa gindin duwatsu, runduna nawa yake ɗauka a jere?"

Kaura ya ƙirga da yatsu. "Uku. In an matsa."

"Ta huɗun fa, ina za ta tsaya?"

"A baya."

"Tana harbin wa? Ƙeyar 'yan'uwanta? Waɗanda suka kafa dokar nan ba don raha suka hana huɗu ba. Sun san ɗan da ya yi yawa a wani gida, wani gidan aka ɗebe shi aka bari a buɗe. Wasan an gina shi ne don kowa ya biya abin da ya ɗauka da abin da ya saki. Ni na cire wa Sarki wannan nauyin a kan katako, amma ban isa in cire masa shi a fili ba."

Sarki ya sauko daga karaga, abin da ba a taɓa gani ba, ya zauna a kan buzu.

"Jera shi yadda ya zo. Ka ɗauki Marzuwa. Ka buga da dokar kasuwa, kuma in ka sassauta mini ko sau ɗaya zan gane."

Nomau ya jera. Sarki ya sauko da tsakuwar Ƙofar Kura, huɗu suka jeru, hannunsa ya tafi zai ci don sabo, ya tsaya a iska, ya janye. Nomau ya ɗauki kara. Ya sauko da shi gurbin da aka bari, ya ci tsakuwa guda. Sarki ya matsa wani ɗa. Nomau ya mayar da karan sama, ya ci ta biyu. Ya sauko, ta uku. Ba a jin komai a ɗakin sai ƙarar tsakuwa tana faɗawa cikin ƙoƙo. A ta shida Sarki ya ɗora tafinsa a kan katakon.

"Wane ne ya jera wannan?"

"Wanka Mati ne, ranka ya daɗe. Ya san da wace doka za ka karanta shi."

Sarki ya daɗe yana kallon gurbin Ƙofar Kura. "Ko da haka ne, na riga na motsa. Manzo ya tafi da amsata, ɗan aike ya tafi da umarnina. Sarki ba ya magana biyu."

"Ba ka motsa ba tukuna, Zaki. A doka, wanda ya jera huɗu, in abokin wasansa ya ga riba sai ya yi shiru ya bar shi, kamar yadda manzo ya yi jiya. Amma in mai tsaron doka ya ce a mayar, to, motsin bai auku ba, ɗa ya koma gidansa. Ni ne mai tsaron doka har zuwa lokacin da za ka ɗauki rawanin nan." Ya ɗago kai. "Barmo ɗan Dambo, mayar da ɗanka."

Wani daga cikin fadawa ya yi salati a hankali. Sarki ya sa yatsa ya ɗauki tsakuwar, amma bai mayar da ita kan katako ba. Ya kama hannun Nomau ya danƙa masa ita, ya zare zobensa ya ɗora a kai.

"Kai za ka mayar da ita. Ka hau yanzu, ka tsayar da Barde Rabo a inda yake, ka zauna tare da shi. Ga hukuncina, majalisa ta shaida. In ba wanda ya zo Ƙofar Kura, to, yau ka yi mini ƙarya, ka hana ni baka ɗari uku ranar da nake bukatarsu, kuma kanka zai biya. In sun zo, yau ka faɗi gaskiya, sai ka komo in yi maka shari'ar shekara ashirin da biyu."

"Na ji, na karɓa."

Rabon Nomau da sirdi ya fi shekara goma. Dogarai biyu suka sa shi a tsakiya, suka yi ta sukuwa, suka yada zango sau ɗaya don dawaki, suka ci gaba. Da hantsin washegari suka hango duwatsun, kuma suka hango abin da Nomau ke tsoro: layin mutane yana gangarowa, jakuna ɗauke da kwari da tukwane. Rabin 'yan baka sun riga sun sauko.

Barde Rabo ƙato ne mai tabo a kumatu, furfura ta fara cin gemunsa. Ya karɓi zoben, ya jujjuya shi, ya dubi tsohon da aka sauko da shi daga doki kamar buhu.

"Baba Magaji, jiya an ce in sauko, yau an ce in hau. Gobe kuma a ce in yi rawa? Me ya faru a fada?"

Nomau ya zauna a kan dutse ya gaya masa duka, bai rage komai ba. Da ya kai kan ɗan leƙen da ke ɗaure a ƙofa, sai Barde ya daina jujjuya zoben.

"Wanda aka kwance ranar nan," in ji Barde a hankali, "ka san ko wane ne?"

"Na sani, Rabo. Kai ne."

"Shekara ashirin da biyu ina cewa addu'ar uwata ce."

"Wataƙila ita ce. Ni dai bakina aka ara."

Barde ya juya ya daka tsawa, layin ya tsaya, ya juya, ya fara hawa. Ya sa aka kashe wuta duka, aka saukar da tuta, aka kori jakuna can gangare inda za a gan su daga nesa kamar ayarin da ya tafi. Mutum ɗari uku suka kwanta a bayan duwatsu.

Yini guda ya wuce, ba kowa. Na biyu ya wuce, ba ko kare. A na uku da safe iska ta kawo amon tambura daga kudu, siriri, yana zuwa yana ɗaukewa. An gwabza a maƙetara. 'Yan baka suka fara gunaguni. Wannan yana da ƙane a can, wancan yana da ɗa. Barde ya rarrafo inda Nomau yake.

"Baba, kana jin wannan? In layin Kaura ya karye ina nan kwance da baka ɗari uku ina gadin ƙadangaru, da wane ido zan shiga Kudunga? In na tashi yanzu, kafin la'asar na isa."

"Ban san fili ba, Rabo. Katako na sani."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Suna zuwa ko ba sa zuwa?"

Nomau ya dubi tsagin, fayau, rana na dukan yashi. Ya lura cewa tun asuba bakinsa ke motsi, kuma da ya saurari abin da yake roƙo sai ya razana. Roƙo yake Allah ya kawo abokan gaba. Yana roƙon a zo a kashe waɗannan samarin da ke kwance kusa da shi, don maganarsa ta fito gaskiya, don wuyansa ya ƙara kwana. Ya nemi ya juya addu'ar ya ce Allah ya sa kada su zo, sai ya ga wannan kuma roƙo ne Kaura ya rasa taimako a banza. Bai sami addu'ar da hannunsa zai fita a cikinta da tsabta ba. Ya rufe baki.

"Ban sani ba," ya ce. "Amma in da ni ke riƙe da kara, sai na ji tambura sun yi zafi, na tabbata kowa ya juya kudu, sannan in motsa. Ka ba ni zuwa rana tsaka."

Barde ya dube shi, ya dubi inuwar dutse, ya ja tsaki, ya koma wurinsa.

Inuwa ta yi ta guntulewa. Saura kamar taki biyu ta shige ƙarƙashin dutse, sai garken zabin daji ya tashi fir daga kurmin da ke bayan tsagin. Bayansu wani garken. Sannan aka ji ƙarar ƙarfe yana taɓa ƙarfe.

Suka fito daga kurmin huɗu-huɗu, suna tafe suna hira. Garkuwoyinsu na rataye a baya, wasu na cin gyaɗa. Tafiyar mutanen da aka tabbatar musu gidan ba kowa. A tsakiyarsu wani a kan farin doki, ƙarƙashin tuta mai launin baba, kuma ko daga nesa Nomau ya gane zaman kafaɗar nan. Ya sha ganinta sunkuye a kan katako. Ciroma Mati ne.

Barde ya bari har kan layin ya kai ƙarshen tsagin, wutsiyarsa ta shigo. Sannan ya busa ƙaho.

Duwatsu biyu suka zubo da kibau kamar an kwance bakin rumbu. Na gaba suka juya suka ci karo da na baya, dawaki suka tattake masu su, wanda ya kai hannu ga garkuwa bai kai ga saukar da ita ba. 'Yan bakan Marzuwa da suka sami gindin dutse suka mayar da harbi. Wani saurayi da ya ba Nomau ruwa da safe ya zauna a hankali kusa da shi, kibiya a maƙogwaro, bai ƙara tashi ba. Nomau ya riƙe masa kai, yana jin wani sanyi na sauka a ƙirjinsa wanda ya san sunansa sauƙi ne, yana kuma jin kunyar sa.

Kafin azahar tutar baba ta faɗi, aka ga farin doki ya juya da mahayinsa kwance a wuyansa, ragowar rundunar na bin sa cikin kurmi. Can kudu kuma amon tamburan Marzuwa ya canza. Sun jira waɗanda za su faɗo wa Kaura ta baya, ba su zo ba.

Barde Rabo ya hauro, jini na bin hannunsa, yana dariya yana haki.

"Baba Magaji, sun zo! Wallahi sun zo! Bari in tara mutane mu bi su har gida. Kuma ranar da Sarki zai zauna shari'arka, ni zan tsaya a gabanka. In ƙaryar nan laifi ce, to, ga abin da ta haifa, a fara da ni."

Nomau ya kwantar da kan saurayin, ya rufe masa ido. Ya buɗe tafinsa. Tsakuwar tana nan, ta yi masa shaida a fata don tsananin riƙo. Ya tona ɗan rami a ƙasa da yatsa, ya sa ta, ya danna da babban yatsa har ta zauna.

"Shari'ata ni zan je mata, Rabo, na daɗe da sammacinta. Kai dai kada ka bi kowa. Wasan bai ƙare ba, kuma yanzu yana hannunsu. Zauna a gidanka."